Ƙwayoyin Raino

Dokta Ɗayyabu bai kai shafi na uku ba ya gane aikin waye. Wata mujallar kimiyya ce ta aiko masa ya tantance bayan ta cire sunan marubucin, amma hotunan sun tona asiri. Duk Jigawa na'urar da ke ɗaukar irinsu ɗaya ce, tana ɗakin binciken Farfesa Nasrullahi.

Nasrullahin ne ya taɓa mai da shi abin dariya a gaban taro. A ranar, Ɗayyabu ya ce a jikin tsutsar hantar shanu akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu lulluɓe jijiyoyinta, su ciyar da su, su kwashe musu datti. Ya raɗa musu suna ƙwayoyin raino. Nasrullahi ya miƙe ya ce mafarki ne. Tun daga nan ƙarin girma ya tsaya masa, ɗalibai suka guje shi.

Yau ga ƙwayoyin a hoto, tar da su. Har sunan an ɗauke.

"Baba, zan leƙa mayanka kafin a gama fiɗa," in ji 'yarsa Fiddausi, mai digiri na biyu kan cututtukan dabbobi. Ta ajiye masa shayi. Bai ko ɗago ba.

Aikin ba shi da aibu, ya sani. Duk da haka ya rubuta cewa hotunan haɗa su aka yi, kuma a binciki marubucin. Ya zaɓi kalmomin da ba a wanke mutum bayansu. Da ya aika, ya ji wani sanyi a ƙirjinsa da ya daɗe bai ji ba.

Mujallar ta yi watsi da aikin, ta kai ƙara jami'a.

Wata la'asar aka yi masa sallama a gidansa na Limawa. Nasrullahi ne tsaye, duk ya faɗa. Ɗayyabu ya shimfiɗa masa tabarma yana danne murmushi.

"Dokta, gafara na zo nema. Kai ke da gaskiya tun farko, na gani da idona. Taimakonka kuma nake so, wani marar imani da ya tantance binciken da aka yi kan ƙwayoyin nan ya sa za a kori mai aikin."

"Ai aikinka ne."

"Na'ura kawai na ba da aro. Fiddausi ce ta roƙe ni in rufa mata asiri, wai sai an buga za ta kawo maka, duniya ta san mahaifinta bai yi ƙarya ba."