Atamfar Ƙetare da Tukunyar Mai Tuwo

Ke da kike rawar jiki wai kaya sun yi araha, aje ledar nan ki zauna. Ni ban yi boko ba, amma ba a koya mini kasuwa.

An yi wata mai tuwon sayarwa a bakin rumfunan masaƙa. Shekara goma sha biyar tuwonta bai taɓa kwantai ba. Da azahar ta yi, sai maza su bar saƙa su yo layi da kwanukansu, wani har ya ce a ɗora masa ƙashi. Da wannan tukunyar take ci da marayu huɗu. Rannan sai ga wani falke da atamfa daga ƙetaren teku, mai sheƙi, turmi uku a kuɗin gwado ɗaya na saƙar gida. Matar nan ta sayi ukun, ta ɗaura ta fito tana taƙama. Wani tsohon masaƙi ya dube ta ya ce, "Uwar ɗakina, yau kuma mu aka guda?" Ta ce ai shi ma in ya ga banza ba ƙyalewa zai yi ba, ya ci tuwonsa ya bar ta ta yi ado. Aka yi dariya aka watse.

Ba a rufa wata shida ba gwado ya daina fita. Masu rumfuna suka karya farashi, suka zaftare ladan masaƙa. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya, mai neman ƙashi ya ce miya ma ta isa. Ita ma ta sauke kuɗin tuwo, ta ƙara wa malmala girma, amma sai ya kwana ta ɗumama wa yara. Mahaucinta ya koma yanka akuya maimakon sa. Komai na garin ya yi araha, sai dai babu hannun saye. Ranar da dawa ta ƙare mata, ta kwashi atamfofin ta mayar wa falken, ya taya ko rabi bai kai ba. Cikin ɗacin rai ta ce to masu saƙa wannan abin dai sun yi arziki da mu. Ya girgiza kai, ya ce ai wasu mata ne dubbai a gaban injuna tun asuba, ladansu da ƙyar yake cika musu ciki, kuma da suka nemi ƙari, sai masu injunan suka kwashe kayansu suka koma ƙasar da ta fi tasu yunwa. Sai matar nan ta gane. Matan da ba ta san sunan garinsu ba, ba ta jin yarensu, ashe yunwarsu ce ta hau jirgin ruwa, ta ratsa teku, ta bi ta rumfunan masaƙa, ta zo ta zauna a gindin murhunta. Ta ce Allah mai iko, duniya duk faɗinta ashe akushi ɗaya ce. Ta karɓi abin da ya taya, ta auno dawar yara, ba ta sake ɗora babbar tukunya ba.

To kin ji. Duk arahar da ta wuce hankali, ladan wani aka yanka, kuma wuƙar ba a kansa take tsayawa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.