Ɗigon Rawaya a Kan Notin Sitiyari

Ajiye gwangwanin fentin nan tukuna, Alhaji, ka zauna in ba ka wani misali, don har yau in na tuna shi raina ɓaci yake yi.

An yi wani malamin dabbobi da ya sayi mota sabuwa fil, ya riƙe ta shekara arba'in. Duk farkon damina sai ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta, ya laɓta wa akwatin sitiyari da sandunansa giris da hannunsa, don kada tsatsa ta ci su. Da Allah ya yi masa rasuwa sai motar ta faɗa hannun ɗansa, mutum mai son a gani a yaba. Ya ji za a yi gasar tsofaffin motoci a birni, inda wadda ta fi kama da ranar da ta fito daga kamfani ita ke ci, ya ce lallai sai an kira sunan mahaifinsa a filin nan. Niyya dai mai kyau. Ya kai motar wurin wani tsohon makanike, tsohon ya kwance kayan sitiyarin ya jiƙa su a kananzir, ya yi kwana uku yana bin su da tsohon buroshin haƙori. Da girisin ya fita sai ga ƙarfen kamar jiya aka zuba shi: akwatin launin toka, da kaushinsa, da lambar kamfani a gefe. A kan kowane noti kuma akwai ɗigon fenti rawaya, a karkace, wani ma ya ɗan zuba. Ma'aikacin da ya ɗaure notin a kamfani shi ya ɗiga shi, shaidar ya ɗaure. Tsohon nan murna ta cika shi, domin ya san abin da alƙalan gasa ke kwanciya a ƙasa da tocila suna nema ke nan, kuma a mota ɗari da ƙyar ka samu ɗaya da ta tsira da shi. Ya ce wa mai motar a shafa ɗan mai kawai a mayar. Mai mota ya leƙa, ya yatsina fuska, ya ce shi ba zai kai motar ubansa gaban jama'a da kashin kaji a jikinta ba. Tsohon ya yi bayani, ya sake yi, har ya haɗa shi da girman mahaifinsa. Ina! Gani yake tsoho ƙyuya ce ta hana shi ƙarasa aiki.

Ya kwashi kayan ya kai wa mai fenti. Shi kuwa mai fenti abin da aka sa shi ya yi: ya sa samfefa ya goge akwatin har ya yi sulɓi, lambar ta shafe, ɗigon rawaya ya bi ƙura, ya fesa baƙin fenti mai walƙiya hawa uku. Abin da giris ɗin uba ya tsare shekara arba'in, ɗa ya kashe shi tsakanin azahar da la'asar. Wallahi wannan wauta tana ci mini rai! Ranar gasa mai motar ya sha babbar riga, har madubi ya ajiye a ƙarƙashin motar don kowa ya ga ƙyallin. 'Yan kallo suka yi ta tafi. Alƙali ya zo ya kwanta, ya haska tocila, bai yi minti ɗaya ba ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya wuce. Wata mota mai koɗaɗɗen jiki, wadda ɗigo biyu kacal suka rage a notinta, ita ta ci. Sunan malamin dabbobi ko a na ƙarshe ba a kira shi ba. Washegari mutumin ya dawo garejin tsohon, ba girman kai ba babbar riga, da 'yar kwalbar fenti rawaya a hannu, wai a taimaka a wanke baƙin a sake ɗiga masa. Tsohon bai ko tashi daga kan benci ba. Ya ce baƙin fenti zai wanku, amma kaushin ƙarfe da lamba sun tafi, kuma hannun da ya yi wancan ɗigon ya daɗe a kabari.

To, kai ma ga naka akwatin sitiyarin ka kawo, ga samfefa na hango a aljihunka. Motarka ce, ba zan riƙe maka hannu ba, amma ba a garejina ba. Hausawa sun riga sun gama magana: garin neman gira, a rasa ido.