Ƙarar da Baba Ya Ji

"Baba, kana jin yadda injin ke ƙwanƙwasa?" Bakanike ya tambaya da ƙarfi daga bayan bonet.

Baba yana zaune a benci can gefe, bai ji komai ba. Amma ya ga yadda 'yarsa da bakaniken suka haɗa ido. Tun ranar da ya kusa shiga ƙarƙashin tirela, direban yana ta zuba masa hon, yarinyar nan ta kafe wai kunnensa ya tafi, ya bar tuƙi. Yau kuma ita ce ta ce injin yana ƙara, ta jawo shi gareji. Wato tarko ne. Yana cewa bai ji ba, sun raba shi da motarsa.

Ya gyara hula, ya karkata kai irin na masana.

"Sarai kuwa. Ƙwas, ƙwas, daga can ƙasa. Ku ne dai kurame."

Bakanike ya sunkuyar da kai yana ta goge sifana. 'Yar ta jefa makullin cikin jakarta, ta matso daidai kunnensa.

"Baba, ai ba a tayar da motar ba tukuna."