Riƙe Numfashi, Baba

"Riƙe numfashi, Baba," ta faɗa ta lasifika, gado na shigewa da mahaifinta cikin na'urar hoton zuciya. Ciwon ƙirji ne ya kayar da shi ɗazu. Shekaru tana wannan aiki.

Hoto ya fito. Jijiyoyi uku sun tsuke kamar zare.

Ta iske shi da murmushin dole. "Sai likita ya duba, Baba. Nawa ɗauka ne kawai."

"Uwata, ai kin gani," ya ce yana haki. "Kin manta ki ce in saki numfashin."

Ƙofa ta buɗe. Wani baƙon likita ya shigo da hular tiyata.

"Wa zai sa hannu?"