Wa Ya Fasa Randar Mahbub?

"Allah ya gafarta Malam, dubi hannunsa," in ji Lukuman a gaban alƙali, yana kare mahaifinsa Alhaji Lawal. "Shekara saba'in fa! Ƙwallon Baba ko kukar bakin gona ba ya wucewa."

Mutane suka yi dariya. Alhaji Lawal bai yi ba.

Maƙwabcinsa Mahbub ne ya kawo ƙara kotun Shari'a a Kabo, wai ƙwallon golf ya faɗo gidansa ya fasa randa. In laifi ya tabbata, za a karɓe sandunan golf da Alhaji yake fita da su gona tun ritayarsa, yana ƙara wa bugunsa sauri. Ga tsada, ba zai iya sayen wasu ba.

Alƙali ya gyaɗa kai. "Da nisa kam. Wannan aikin yara ne. An sallami Alhaji."

"Ban sallamu ba!" Tsohon ya miƙe. "Ni na buga. Daga bayan kukar ma!"

"Baba, za su karɓe sandunan!"

"Su karɓa. Amma a rubuta ni ne." Ya dubi Mahbub. "Ka yafe mini kuskure ɗaya, Malam. Cikin bakin randar na nufa."