Murhu a Kan Kabad, Ɗorawa a Wuta

Haladu, tun da ka zauna kake karanto mini ci gaban da lardinku ya samu wajen tsimin makamashi, an raba kaza, an ƙaddamar da kaza. Na ji, Allah ya ƙara. Amma ajiye takardar nan tukuna in ba ka wani misali, don ni raina a ɓace yake.

A wani lardi an ga daji yana ƙarewa, sai hukuma ta kawo murhun zamani, irin wanda 'yan ƙirare kaɗan ke dafa abin da sai dami guda zai dafa a murhun duwatsu. Abu mai kyau, ba mai musu. A wani gari aka yi taro, aka yi kiɗa, aka raba wa mata. Kafin manya su shiga mota, shugaban shirin ya ja masu unguwanni gefe, ya ce baƙi za su zo daga birni duba kaya, kada ya kuskura ya ga murhu ko ɗaya da lahani. Ka san mutanenmu da maganar manya, in an ce su rusuna sai su kwanta. Wata mata ta hura nata ta dafa wake, bakinsa ya yi baƙi. Mai unguwa ya tsaya a ƙofar gidanta ya wanke ta tas, ya ce za ta ja wa unguwa abin kunya, ya kuma cire gidan daga rabon taki. Daga ranar ba wadda ta ƙara kusantar nata da ashana. A garin akwai wata dattijuwa mai daddawa, mijinta ya rasu. Abin da ya bar mata a duniya ɗorawa ce guda a bakin gona. Ɗorawar ke ba ta kalwa, kalwa ta zama daddawa, daddawa ta ciyar da ita da jikokinta. Ita ma ta goge murhunta da tsumma, ta ɗora shi a kan kabad tsakanin kwanonin jere, ta lulluɓe shi da sabon zane.

To, kalwa ba ta san wasa ba, wuni take a wuta kafin ta yi laushi. Ita kuwa hukuma, tunda a wurinta kowa ya samu murhu, sai ta rufe daji ta zuba ma'aikatan gandu. Itace ya yi tsadar da ba ya taɓuwa. Dattijuwar ta yi ta dahuwa da kara har kara ya ƙare, ta koma kashin shanu, damina ta sauko ta jiƙa shi. Ta je ta durƙusa gaban mai unguwa ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in hura abin nan." Ya ce, "Iya, yi haƙuri, sai baƙi sun zo sun tafi." Baƙi kuwa yau ne, gobe ne. Da tukunya ta kwana biyu a kife, yara suka fara kallon hannunta, sai ta saɓa gatari ta nufi gona. Ta fara da busassun rassa, tana ce wa kanta ai wannan ba ɓarna ba ce. Da busassu suka ƙare ta shiga ɗanyu, ta sara ta shanya. Kowace kasuwa reshe, kowace kasuwa reshe, ana dafa 'ya'yan ɗorawa da jikin uwarsu. Kafin baƙin su iso, bishiyar ta zama dogon kututture, ko tsuntsu ba ya sauka a kai. Suka shiga ɗakinta, aka yaye zane, ga murhu yana walƙiya kamar yau aka ƙera shi. Suka tafa, suka ɗauke ta hoto tana rungume da shi, suka ce duk lardin ba wadda ta kai ta kula da kayan gwamnati. A cikinsu ba wanda ya zura hannu ya ji ko akwai toka. Ba wanda ya tambayi hayaƙin da ke tashi a bayan ɗaki na mene ne. Da bazara ta zagayo, mata suka fita da gora kaɗo ɗorawa, ita ta zauna a gida. Yau matar da gari ke sayen daddawa a hannunta ita ke aika jika ya roƙo mata ta miya a maƙwabta, murhu kuma yana nan a kan kabad.

Wallahi abin nan yana ƙona mini rai, Haladu. Murhun ba shi da laifi, matar ma ba ta da shi. An kawo abu don a ceci itace, aka ɓige da gadin fentinsa. Saboda haka in ka koma ofis, kafin ka rubuta "an raba", shiga madafa ka leƙa cikin murhun. In ka gan shi fes, kada ku tafa, ku ji kunya. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.