Sabulun Direba

Ina yaro, lokacin aikin dam ɗin Bakolori, wani direban kamfani ya zauna a tabarmar Babana, wanzami a kasuwar Mafara. Ya miƙa masa nasa sabulun aski, fari, mai tauri kamar dutse.

Baba ya saba da sabulun salo, wanda yana taɓa ruwa kumfa ke tashi. Ya murza wannan a tafin hannu, ya ƙara murzawa, shiru. Mutane suna kallo.

"Malam, wanga sabulu ba ya jin ruwa," in ji Baba a hankali.

Direban ya zaro buroshi, ya tada kumfa da kansa, ya ce, "Wanzam, riƙe mini madubi."

Baba ya riƙe. Ni na kafa ido a ƙasa. Har yau in na tuna, ƙasar nake gani, ba fuskarsa ba.